Sallamar Yaya Hashimu

Tsuntsayen sun zo da hantsi, kwana bakwai da ɓatan Yaya Hashimu. Su uku ne, farare tas, kamar tantabaru. Suka yi ta kewaya gidanmu, ba su sauka ba. Ni mai kiwon tantabara ne, na san tsuntsun da ya gaji. Na watsa musu gero. Suka yi ƙasa-ƙasa har na ji iskar fiffikensu a fuskata, sai na ga abin da ya hana su sauka. Ba su da ƙafa.

Sunana Nafi'u. Na gama sakandare ban ci gaba ba, ina tsaron injin niƙa a garinmu Rafin Ɗinya. Ba ni da yawan magana. In an gaishe ni nakan ɗaga kai, in na ga dama. Yaya Hashimu shi ne wana, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma zuma yake ɗiba. Yana da amya rataye a itatuwan Dutsen Kurame. Can ya tafi ran Talata, bai dawo ba. An samu igiyarsa da ƙwaryarsa a gindin wata tsamiya, babu jini, babu sawun dabba.

Inna ta aika aka kira Baba Magaji, tsohon da ya koya wa Yaya aikin zuma. Ya shigo tsakar gida, ya ɗaga kai ya dubi tsuntsayen, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya juyo kaina.

"Wa Hashimu ya yi wa sallama kafin ya tafi?"

Na kau da kai.

"Da kai nake, Nafi'u. Waɗannan ba tsuntsaye ba ne. Sallama ce da ba a amsa ba. Uku. Wa ya ƙi amsawa?"

Inna ta zuba mini ido. Dole na faɗa.

Wata biyu ke nan muna gaba. Lokacin da Inna ta kwanta zazzaɓi, Yaya ya shiga akurkina ba na nan, ya kama farar tantabarata mai zobe a wuya, ya yanka ya yi mata romo. Ba romon ne ya ɓata mini rai ba. Bai tambaye ni ba. Daga ranar na daina yi masa magana. In dole ta kama, sai in ce, "Inna, gaya wa ɗanki ruwan randa ya ƙare," shi kuwa yana zaune a gabana. Ran Talatar ya zo ƙofar ɗakina ya yi sallama. Ina ciki. Na rage muryar rediyo na yi lamo. Ya sake. Ya yi ta uku. Na ji ya tsaya kaɗan, sannan na ji takun silifas ɗinsa yana nisa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce, "A kan tantabara."

Na ɗaga kai na ce wa tsuntsayen, "Wa alaikumus salam." Ko gezau.

Baba Magaji ya ce, "Ba tsuntsu ake bai wa amsa ba. Mai ita ake bai wa, kunnensa ya ji. Kuma ka hanzarta. Duk ranar da na ƙarshensu ya taɓa ƙasa, Hashimu ya zama na can."

Bai rufe baki ba ɗaya ya karkace, ya faɗo kusa da murhu. Na ruga. Ban tarar da komai ba sai ɗan farin toka. Saura biyu.

Baba Magaji ya raka ni har gindin tsamiyar. Tsuntsaye biyun suna gaba. A bayan tsamiyar akwai tsaga a jikin dutse, wadda na sha wucewa ban kula ba. Suka shige.

"Nan zan tsaya," in ji shi. "Abu ɗaya zan gaya maka. Kada ka ƙetare ƙofa ba da sallama ba, ko da babu kowa. Kai da ba ka iya buɗe baki ba, yau sai ka koya."

Na kutsa a karkace. Dutse yana goga mini kafaɗu. Na yi tafiya kamar daga gidanmu zuwa kasuwa, sai tsagar ta buɗe, na ga rana. Ba irin tamu ba ce, koriya ce kaɗan, kuma ba ta da zafi. A gabana wani zaure tsaye shi kaɗai a fili, babu katanga dama, babu hagu. Na leƙa. Babu kowa, babu ko tabarma. Na so in kewaye shi, amma duk inda na bi sai in gan shi a gabana.

Na ji kunya, wallahi, in yi wa wofi magana. Amma na yi.

"Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam wa rahmatullah!"

Muryoyi sun fi hamsin. Zauren ya cika maƙil. Wasu a zaune, wasu a rataye da rufi kamar jemagu, wani ɗan ƙarami a cikin tulu kansa kawai a waje. A bakin ƙofa, daidai inda zan sa ƙafa, wani tsoho ne kwance, gemunsa shimfiɗe ya kai bango.

Ya tashi zaune yana naɗe gemun a hannu. "Barkanka, ya kai ɗan Adam. Da ka shigo shiru da ka taka mini gemu, da kuwa na mayar da kai guntun tabarya. Ni ne Sarkin Zaure. Me ya kawo ka ƙasar da ba a gayyace ka ba?"

"Ranka ya daɗe, wana nake nema."

Ya dubi tsuntsayen. "A'a. Kai ne mai rediyo."

Zauren ya ɗauki dariya. Na cikin tulu har ya nutse.

Na ce, "Ina da tambaya. Mu a gida ana cewa a yi sallama ko ɗaki babu kowa. Saboda ku ne?"

"Saboda ku ne, ɗan Adam. Wanda ya saba da yi wa ɗakin wofi sallama ba zai faɗa wa mutane kamar akuya ba. Mu dai muna cin albarkaci. Wuce. Ka bi tsuntsayenka har gada. Kada ka sha ruwan kogin, yana sa mutum ya manta sunan uwarsa."

Na fita ta ɗaya ƙofar. Na ratsa wata gona inda dawa ke tsirowa kai a ƙasa, saiwa a sama. Na ratsa wani kwari inda duwatsu ke matsawa su ba ni hanya in na yi sallama, in na manta su matse ni. Sau biyu na manta. Har yau akwai tabo a gwiwata.

Kogin baƙi ne, ba ya ƙara. Gadar kuwa gungumen giginya ne guda ɗaya. A tsakiyarta aljanu biyu sun yi cirko-cirko, sun tare hanya. Ɗaya a kan kada, ya tsufa, kansa kamar tukunyar daddawa. Ɗaya a ƙasa, dogo siriri, bai kai shi shekaru ba. Ciyawa ta tsiro a kafaɗunsu. Kadan ma gansakuka ta rufe masa ido.

Na yi musu sallama. Suka amsa, kowa yana kallona, ba mai kallon ɗan'uwansa.

Na ce, "Ku ba ni hanya, don Allah."

Na kan kada ya ce, "Ya kai ɗan Adam, gaya wa wancan cewa ƙarami ke fara yi wa babba sallama. Na girme shi da shekara ɗari tara. In ya yi, sai in matsa."

Dogon ya ce, "Ya kai ɗan Adam, gaya wa wancan cewa na kan dabba ke fara yi wa mai tafiya a ƙasa. Ya dubi ƙarƙashinsa ya ga ko a kan me yake."

"Gaya masa kada ba dabbar hawa ba ce, lalura ce."

"Gaya masa tun da ya hau, ya hau."

Na ce, "Tun yaushe kuke nan?"

"Shekara ɗari huɗu," in ji su tare, sai kowa ya tsuke fuska don bakinsu ya zo ɗaya.

"Me kuke da juna?"

Tsohon ya ce, "Ƙanena ne."

Wannan "gaya wa wancan" na san ta. Muryata na ji a ciki. Suka ce in yi musu hukunci, wanda na kayar shi zai fara. Na zauna a bakin gada ina lissafin abin da aka koya mana a Islamiyya. Ƙarami ga babba, gaskiya ne. Mahayi ga mai tafiya, gaskiya ne. Mai tafiya ga na zaune, kaɗan ga masu yawa. Na juya ta nan, na juya ta can. Ni mutum ne mai son a san wa ke da gaskiya. Ina cikin wannan na ji wani abu ya faɗa ruwa, ɗis. Na ɗaga kai. Tsuntsu ɗaya ya rage.

Na miƙe. Na ce, "Ku duka kuna da hujja. Amma akwai abin da malaminmu ya ƙara, ban ji kun ambata ba. In biyu suka haɗu, wanda ya fara sallama shi ya fi."

Tsohon ya zaro ido. "Ya fi?"

"Ya fi."

"Assalamu alaikum!" Tare suka faɗa, har gadar ta girgiza.

"Wa alaikumus salam! Ni na riga ka!"

"Ƙarya kake, bakina ya riga buɗewa!"

Suka kama kokawa suna dariya, ciyawa na zubowa daga jikinsu. Kadan ya ga abin ya ishe shi, ya sulale cikin ruwa da su duka. Na haye da gudu.

Kafin in ga birnin na ji shi. Ƙara ce kamar ta ruwan sama a kan kwano. Fiffike ne. Sararin birnin duk tsuntsaye ne marasa ƙafa, dubbai, har sun tare koriyar ranar. Toka na zuba a hankali, ta rufe tituna har idon sawu. Nawa tsuntsun ya shiga cikinsu, amma ban rasa shi ba. Yana tashi a karkace, fiffiken hagu ya gaji.

Ya kai ni wani gida mai ƙofa ɗaya. A gabansa wata mata ce zaune a kan turmi. Tsayinta a zaune ya kai na bishiyar gwanda. Kunnuwanta sun sauko har kafaɗa, kuma suna motsi kowanne da kansa. Na durƙusa na yi sallama. Ta amsa cikakkiya, ba ta rage ko harafi ba.

"Ni ce Magajiyar Ƙofa. Duk sallamar da aka yi a duniyarku tana ratsa kunnena. Wadda aka amsa ta wuce. Wadda aka ƙi ta zo nan."

Na ce, "Ranki ya daɗe, duk waɗannan?"

"Duka. Waccan ta mai tallan goro ce, ta yi wa masu zaman majalisa, kowa ya bar wa na kusa da shi. Waccan ta tsoho ce, ya yi wa wani mai babbar riga. Wancan garken masu danna waya aka yi wa, ba su ma ji ba."

"To me ya sa sai wana kuka ɗauka?"

"Domin shi ya shigo dutsenmu da uku a kansa, kuma daga jininsa. Ka san me sallama take, ɗan Adam?"

"Gaisuwa ce."

"Gaisuwa kuna da ita buhu-buhu. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara. Wannan dabam ce. Wanda ya yi maka sallama ya ce maka, ba za ka ga cuta daga gare ni ba. Ya cire amincinsa ya miƙa maka, yana jiran ka lulluɓe shi da naka. Kai ka karɓi na ɗan'uwanka sau uku ka riƙe. Ya fito ba mayafi. Yaranmu suka gan shi a gindin tsamiya kamar wanda ba shi da kowa, suka ɗauko shi."

Ta nuna gidan da yatsa.

"Yana cikin ɗakin can. Ga sharaɗi. Ka tsaya a ƙofa ka yi sallama. Uku gare ka, ba ƙari. In an amsa ka shiga. In ba a amsa ba ka juya."

"Amsa na zo bayarwa, ranki ya daɗe, ba sallama ba."

"Amsar me? Ka ji an yi maka sallama yanzu? Je ka."

Ƙofar ba ƙyaure. Asabari ne kawai, tsoho, har ana hango duhun ɗakin ta tsakanin karare. Na tsaya daga gefe kamar yadda aka koya mana, ba tsakiyar ƙofa ba.

"Assalamu alaikum."

Shiru.

Na jira. Tsuntsun ya sauko daidai rufin ɗaki.

"Assalamu alaikum. Yaya, ni ne."

Sai na ji tari. Nasa ne, wannan ɗan tarin da hayaƙin zuma ya bar masa. Yana ciki. Yana jina. Ashe haka ake ji. Mutum ya san ana jinsa, ya tsaya a waje kamar kare.

Na yi ta uku.

Shiru.

Na ji fiffike a kaina. Sababbin tsuntsaye uku, nawa, sun fito ba ƙafa. Na Yaya kuwa ya sauko daidai kafaɗata, yana faɗuwa yana tashi.

Asabari ne. Da yatsa ɗaya zan ɗage shi. In shiga in kama hannunsa in ja shi waje, in ya so a yi duk wadda za a yi. Na kai hannu har na taɓa karan. Sai na tuna akurkina. Shi ma ranar yana da dalili mai kyau, ya fi nawa ma. Ya shiga ba izini, ni kuma na yi wata biyu ina ƙona shi a kai.

Na janye hannu. Na juya.

Taku uku na yi, tsuntsun ya kife. Ban yi tunani ba. Abin da nake yi wa tantabaruna in sun dawo a gajiye shi na yi. Na yi ɗan fito, na shimfiɗa tafin hannu a ƙarƙashinsa. Ya faɗo a ciki, saura kaɗan ya taɓa toka. Ba shi da nauyi. Ƙirjinsa na bugawa.

Ya buɗe baki. Muryar Yaya Hashimu ta fito, irin ta ran Talata, a gajiye, da ɗan roƙo a ciki.

"Assalamu alaikum."

Na juya wajen asabarin. Ban taɓa ɗaga murya haka ba tun da aka haife ni.

"Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu!"

Na ji wani abu ya kama mini yatsa. Ƙafafu biyu, jajaye, da 'yan farata. Tsuntsun ya tsaya, ya karkaɗe jiki, ya soma gyara gashinsa.

Daga cikin ɗaki wata murya a dishe ta ce, "Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam. Wa alaikumus salam. Shigo mana, ko sai an shimfiɗa maka darduma?"

Tsuntsayena uku suka sauka a kan rufi.

Na shiga. Yaya na zaune a ƙasa, ya rame, toka ta yi masa furfura. Ya ce tun da aka kawo shi harshensa ya ɗaure, yana jina amma ya kasa. Na kama hannunsa. Na ce, "Inna na jira."

Ya ce, "Au, yau ba 'gaya wa ɗanki'?"

Magajiya ta dube mu da muka fito. "Da ka ɗaga asabarin nan, da ku biyu kun zauna, na samu masu share toka. Mutane da yawa sun zo nan. Suna ta kiran amsa a sama. Ba wanda ya taɓa miƙa hannu."

Na dubi sararin. Na ce, "Su kuma waɗannan?"

"Ba naka ba ne. Amma ka san hukuncin. In an yi wa jama'a sallama mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran. Zan buɗe maka kunne ɗaya. Ka zama wannan ɗayan, in za ka iya."

Ta miƙo yatsa ta taɓa kunnena na dama. Sai ga mu a gindin tsamiya, rana ta yi la'asar, Baba Magaji zaune yana cin goro. Yaya ya yi masa sallama. Tsohon ya amsa tun kafin ya kai ƙarshe.

Inna ta yi kukan da ta riƙe kwana bakwai. Da ta gama ta dube ni ta sake cewa, "A kan tantabara," amma wannan karon da ɗan murmushi.

Har yanzu ba ni da yawan magana. Sai dai duk inda aka yi sallama aka yi shiru, ina jin fiffike a kunnen dama. A tasha, a majalisa, a bakin masallaci. Sai in amsa, ko ban san mai ita ba. A wajen niƙa in mace ta yi sallama injin na ƙara, nakan kashe shi in amsa sannan in tayar. Mai injin ya ce na haukace. Bai kore ni ba, don matan gari yanzu wajenmu suke kawo niƙa.

Farin tsuntsun ya biyo mu. Yana cikin akurkina, ya ƙi cin komai sai daga hannuna.

Jiya da safe ina share akurkin na ji takun silifas ya tsaya a waje. Ƙofar a buɗe take. Bai shigo ba.

"Assalamu alaikum, masu gida," in ji Yaya Hashimu. "Inna na mura. Ko a cikinku akwai mai sha'awar zama romo?"

Na amsa masa cikakkiya. Sannan na kamo ɗaya mai ƙiba na miƙa masa.